Makin gwaji da ya ƙi motsi: kira ga iyaye da masu neman gurbin karatun likita a Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi magana da iyaye da ɗalibanmu mazauna Legas a kan shirin jarrabawar shiga jami'a, musamman waɗanda suka ƙwallafa rai a kan karatun likita. Ni malamin Kimistiri ne a wata makarantar sakandare a Agege, kuma da yamma nakan zauna da 'ya'yan unguwa masu shirin JAMB. Kukan da na fi ji daga bakin yaran da iyayensu iri ɗaya ne: yaro yana zama jarrabawar gwaji kusan kullum, amma makinsa ya tsaya cik a wajen 240, alhali kowa ya san mai neman likitanci sai ya doshi 300 kafin hankalinsa ya fara kwanciya.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata iyaye su san siffar abin da 'ya'yansu ke fuskanta. Jarrabawar tana da tambayoyi 180 da ake amsawa a kwamfuta cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, kuma kowane darasi maki 100 ne, jimla 400. In aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. In kuma aka raba makin kai-tsaye, kowace tambayar kimiyya tana ɗauke da maki biyu da rabi, wanda ke nufin yaron da yake son tashi daga 240 zuwa 300 yana bukatar ƙarin amsoshi 24 ne na daidai, wato takwas a kowane darasin kimiyya. Nakan fara da wannan lissafi domin maki 60 yana tsorata yaro, amma tambaya takwas a Kimistiri abu ne da zai iya nunawa da yatsa ya ce ga inda suke. A Jami'ar Legas kuwa, makin JAMB rabin awo ne kawai, domin ana haɗa shi da jarrabawar tantancewa ta jami'ar mai kashi 30 da sakamakon kammala sakandare mai kashi 20.

Abin da na lura da shi, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne yawancin yaranmu sun ɗauki zaman gwajin a matsayin karatun kansa. Yaro zai amsa tambayoyi 180, ya duba makin da ya fito, ya yi murna ko ya ɓata rai, ya rufe, gobe ya buɗe wasu 180. Gwaji yana nuna wa mutum inda yake ne, makin kuwa yana ƙaruwa ne a zaman da ke biyo baya, lokacin da aka bi tambayoyin da aka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi hadda a Islamiyya ya san wannan: mahaddaci ba ya ɓata yininsa yana maimaita surar da ta zauna masa, yana komawa ne kan ayoyi masu kama da juna inda harshensa ke sarƙewa, har sai malam ya daina yi masa gyara a wurin. A ganina, duk gwajin awa biyu yana bukatar zaman gyara da bai gaza awa biyun ba, kuma gwaji cikakke ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

A zaman gyaran, tambayar da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce me ya sa ya faɗi, domin kuskure ba iri ɗaya ba ne kuma maganinsa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda bai san abin ba sam, kamar yadda yake yawan faruwa a ɓangaren Kimistiri na sinadaran da ke ɗauke da kabon, wanda makarantu da yawa ke ratsawa a guje a ajin ƙarshe. Wannan sai ya ajiye tambayoyin baya ya koma littafi da manhajar karatun da hukumar JAMB take fitarwa kyauta. Akwai kuma wanda ya san abin sarai amma bai karanta tambayar ba. A darasin gadon halitta na Bayoloji, alal misali, kowane yaro zai gaya maka cewa in uwa da uba duka AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila (S) guda ɗaya, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila a kowane ciki. Amma da zarar an juya tambayar aka ce wane kaso ne ba zai ɗauki ƙwayar S ba ko kaɗan, sai ka ga ya zaɓi uku cikin huɗu, alhali amsar ɗaya cikin huɗu ce. Irin wannan ba littafi yake bukata ba, natsuwa yake bukata a kan kalmomi irin su "ban da" da "ba" waɗanda ke kifar da ma'anar jimla. Haka a Fiziks, yaro yana da dabarar lissafin daidai amma ya manta bai mayar da santimita zuwa mita ba, kuma masu tsara tambayar sun san da haka, shi ya sa amsar da kuskuren ke haifarwa takan kasance tana jiransa cikin zaɓi huɗun.

Wanda ya fi haɗari shi ne amsar da aka ci da canki-canka. Ita ba ta fitowa cikin jerin kurakurai, saboda haka ɗalibi ba ya waiwayarta, tana nan tana kumbura masa maki har ranar da sa'ar za ta ƙi. Nakan sa yara su yi wa duk tambayar da suka yi shakka a kanta alama tun suna cikin gwajin, a haɗa ta da waɗanda aka faɗi a rubuta a littafi guda, kowace da dalilinta a layi ɗaya. Bayan kwana uku ko huɗu sai a sake gwada su ba tare da kallon amsar ba. Wanda ya riƙe wannan littafi na wata guda zai ga cewa kurakuransa ba su warwatsu ko'ina ba, a 'yan babuka kaɗan suka taru, kuma a nan waɗancan tambayoyi takwas suke.

Sai kuma makin gwajin da ba na gaskiya ba. Yaron da ya amsa tambayoyi a waya yana kwance, ya tsayar da agogo ya je aike ya dawo, ko ya sake cin karo da tambayoyin da ya riga ya haddace amsarsu, in ya samu 310 bai auna komai ba. Wasu wuraren lesin ma, ba duka ba, sun fi son wannan makin mai daɗin ji, domin shi ke sa uba ya sake biyan kuɗin wata. Akwai kuma ƙananan littattafan tambayoyin baya da ake sayarwa a bakin titi waɗanda wasu amsoshinsu kuskure ne, don haka duk amsar da ta saɓa wa littafin aji a kai wa malami. Gwajin da za a yarda da makinsa shi ne wanda aka yi a zaune gaban kwamfuta, awa biyu ba tashi, da tambayoyin da ba a taɓa gani ba, da kalkuletar da ke kan allon kwamfutar, kuma da safe, tunda wasu za su faɗa a zaman farko bayan sun ratso cunkoson Legas. Ita kanta hukumar tana shirya gwajinta kafin babbar jarrabawar ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista, kuma ina ba kowane uba shawarar ya biya wannan ɗan kuɗin.

Game da lokaci, shawarata gajeriya ce: a fara da darasin da aka fi ƙarfi a kai, a tsallake duk tambayar da ta nemi cinye minti biyu a dawo mata daga baya, kuma kada a bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba.

Turanci yana bukatar magana ta daban. Yaranmu na Legas sun tashi da Hausa da Yarabanci da Buroka a baki, kuma saboda suna zuba Buroka ba gargada, su da iyayensu sukan ɗauka Turanci ba matsala ba ne. Amma jarrabawar tana auna saurin karanta dogon rubutu da fahimtarsa, da nahawu, da sautukan kalmomi, ga kuma littafin labarin da hukumar take ayyanawa. Wannan ba ya gyaruwa cikin mako biyu. Sai an lizimci karatun shafi biyu ko uku na rubutu mai nauyi kullum, da agogo a gefe, sannan a rufe a faɗi abin da aka karanta.

'Yan kaɗan daga cikin 'ya'yanmu da iyayensu ke da hali suna neman makarantun likita na Birtaniya, inda yawancin makarantun ke neman sakamakon jarrabawar UCAT. Ita ba ta tambayar Bayoloji ko Kimistiri. Tana auna saurin fahimtar rubutu, da yanke hukunci, da lissafi, da yadda mutum zai yi in ya tsinci kansa cikin wani hali na aikin asibiti. Tun 2025 aka cire ɓangaren gane tsarin siffofi, jimlar makin ta koma tsakanin 900 da 2700, saboda haka duk wanda ke kwatanta makinsa da na waɗanda suka zauna kafin wannan shekara yana auna kansa da mudun da aka daina aiki da shi. A ɓangaren karatu akwai tambayoyi 44 cikin minti 22, rabin minti ke nan kowace ɗaya, kuma sau ɗaya ake zama a shekara. Hanyar gyaran dai ita ce wadda na bayyana, sai dai a nan kusan duk asarar daga lokaci take, kuma ya fi kyau a adana gwaje-gwajen kyauta na masu jarrabawar zuwa makonnin ƙarshe, domin su ne suka fi kama da ta gaske.

Abin da ya faru a 2025 ya ƙara nuna amfanin riƙe tarihin maki na gaskiya. A shekarar, fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi suka samu ƙasa da 200, daga baya shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawar cikin 'yan kwanaki. Yaron da ya san ainihin matsayinsa ya gane nan take cewa makin da aka ba shi ba nasa ba ne, kuma da aka kira zama na biyu a gaggauce, littafin kurakuransa ya isar masa bita, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga iyaye, ina roƙon a sauya tambayar da ake yi wa yaro in ya dawo. Maimakon "nawa ka ci yau?", wadda ke koya masa ɓoye rauninsa, a ce ya nuna abin da ya faɗi da abin da ya yi a kai. A kuma rage masa zaman shago a kasuwar Mile 12 na watanni ukun ƙarshe, a bar 'ya mace ta samu awanninta ba tare da an kira ta kicin ba, a hana su kwana biyu-biyu ba barci. Masu dogaro da kason kashi 20 da jami'o'in tarayya ke ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimi su tuna cewa hukumar kula da likitoci ta ƙasa ta ƙayyade adadin da kowace makaranta za ta ɗauka, kuma a cikin kason ma mai maki ne ke gaba.

Roƙona na ƙarshe ga sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu ne. Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta suna Idi-Araba tun 1962, a tsakiyar unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Ɗaki guda da kwamfutoci goma na hannu daga kasuwar Ikeja da wutar sola bai fi ƙarfinmu ba. A ware safiyar Asabar domin gwaji na gaskiya, a ware Lahadi domin gyara, a gayyato ɗaliban likitanci da suka riga suka tsallake wannan mataki su zauna da ƙannensu, a biya su kuɗin mota. Ni da wasu abokan aikina a shirye muke mu ɗauki nauyin Kimistiri da Fiziks in aka samar da wurin.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Malamin Kimistiri,
Agege, Legas.