Wasiƙa zuwa ga Baba a kan maganar Auta da wasan kwaikwayo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da Inna da Kaka da sauran mutanen gida, ina sanar da ku cewa ina nan lafiya a Paris. Inna ta shaida mini cewa kun hana Auta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu, domin kuna ganin abin ba na 'ya'yan mutunci ba ne. Ban ce komai ba a waya saboda maganarku tana gaba da tawa, amma na ga wani abu a nan wanda ya sa na nemi ku yi haƙuri ku saurare ni.

Makonni uku da suka wuce wata dattijuwa da muke aiki tare, 'yar asalin tsibirin Martinik da ke yankin Karibiyan, ta ja ni zuwa wani ƙaramin gidan silima inda ake nuna tsofaffin finafinai. Sunan fim ɗin Rue Cases-Nègres, an yi shi a 1983, kuma wadda ta shirya shi mace ce mai suna Euzhan Palcy. Labarin wata tsohuwa ne mai aikin gonar rake a Martinik wajen shekarun 1930, wadda ta ƙi yarda jikanta ya gaje ta a saran rake, ta dage sai ya yi karatu. Da yaron ya ci jarrabawa aka ba shi tallafin da bai isa kuɗin makaranta ba, sai ta tattara komatsanta ta bi shi birnin Fort-de-France, tana yi wa masu hali wanki da guga domin ta cika abin da ya rage.

Akwai inda aka nuna ta da almuru ta dawo daga gona, ta zauna a bakin ɗakinta na katako, ta kunna lofenta, gajiya ta bayyana a kafaɗunta. Wallahi Baba, Kaka na gani. Na tuna yadda take tashi kafin kiran assalatu ta haɗa wuta ta soya ƙosai, da yadda take kwance bakin zanenta ta ƙirgo mini kuɗin littafi, hannunta duk tabon mai. Na yi kuka a cikin duhun ɗakin, dattijuwar kuma ta riƙe mini hannu har aka tashi.

Wadda ta fito a matsayin tsohuwar sunanta Darling Légitimus. An haife ta a 1907 a garin Le Carbet na Martinik, ta yi ƙuruciyarta a Karakas ta ƙasar Venezuela, sannan ta zo Paris tana budurwa, baƙuwa kamar yadda na zo. Ta fara da rawa a dandali a zamanin shahararriyar 'yar rawa Josephine Baker, daga baya ta koma wasan kwaikwayo da fim, har da talabijin bayan da ta shigo gidajen mutane. Ta fito a fim ɗin Le Salaire de la peur na 1953, wanda ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes, ta kuma yi wasa tare da manyan 'yan wasan Faransa Simone Signoret da Yves Montand a Les Sorcières de Salem, inda aka ba ta matsayin baiwa mai suna Tituba.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Shekara da shekaru, abin da ake ba baƙar mace a finafinan Faransa bai wuce 'yar aiki ko mai raino ko mai tsaron ƙofa ba, ta faɗi kalma biyu ta fice, sunanta kuma can ƙasan jerin sunaye. Darling ta karɓi irin waɗannan ta yi su da kyau, domin tana da 'ya'ya da za ta ciyar, amma ba ta tsaya nan ba. A 1959 ta shiga cikin baƙaƙen 'yan wasa daga Afirka da tsibiran Karibiyan da suka gabatar da wasan marubucin Faransa Jean Genet mai suna Les Nègres a Paris, ƙarƙashin jagorancin Roger Blin, inda baƙar fata ce ta riƙe dandalin tun daga farko har ƙarshe.

Sai da ta kai shekara 75 kafin aka ba ta matsayin da ya yi daidai da iyawarta, wato wannan tsohuwa mai lofe, kuma a bikin finafinai na Venis na 1983 ita aka ba kyautar 'yar wasan da ta fi kowace. Ni a ganina, da ba ta san ɗacin zama a bakin ƙofa ba, da ba ta iya nuna wannan tsohuwa yadda ta nuna ta ba, domin ba ta nemi a tausaya mata ko sau ɗaya ba. Tana da faɗa, tana da tsanani, tana dukan yaron idan ya yi laifi, kuma duk da haka mai kallo ya san ƙauna ce ke tafe da ita. Ta rasu a watan Disamba na 1999 a Kremlin-Bicêtre, unguwar da nake bi ta cikinta a jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum idan zan tafi aiki. Jikanta Pascal Légitimus sananne ne a Faransa wajen wasan barkwanci.

Baba, ba zan ɓoye muku ba, sana'ar tana da wahala, kuma tsoron da kuke ji a kan tarbiyyar yarinya gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Ba na cewa Auta ta bar karatu, ko ta riƙa fita da dare. Abin da nake roƙo shi ne ku bar ta ta yi wasan makarantar a gaban malamanta, Yaya ya riƙa raka ta wurin gwaji ya dawo da ita kafin magariba, ku kuma ku je ku gani da idonku ranar da za a nuna, sannan ku yanke hukunci. Tun tana ƙarama take kwaikwayon muryar Kaka idan tana ciniki da masu wake, har Kakar da kanta ta yi dariya ta ce wannan ja'ira ta haddace ni. Idan akwai kuɗin kayan wasa ko na mota, ni zan ɗauka, zan haɗa da abin da zan aiko ƙarshen wata.

A gaishe mini da Inna da Yaya da iyalinsa. A gaya wa Kaka cewa na samu faifan fim ɗin, zan zo da shi idan Allah ya kai mu hutu, in zauna kusa da ita in riƙa fassara mata. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Taku mai biyayya,
babbar 'yarku.