Kansilolinmu, ku zo mu zauna a ƙofar mai unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan ƙananan hukumomi, musamman kansilolinmu na nan ƙasar Zazzau.

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma hana gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a gurbin zaɓaɓɓu, babu majalisar da ba a yi maganar ba. Kowa ya yi murna, har da ni. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko kuɗin sun zo kai tsaye ko sun biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha, wa zai gaya wa talaka nawa suka shigo, kuma me aka yi da su? Kaso 20.6 cikin 100 na rabon arzikin ƙasa fa ake magana.

Sana'ata fataucin albasa da busasshen barkono ce, ina kai kaya Kudu. Yayana yana zaune da iyalinsa a Badagry, garin bakin teku a Jihar Legas, kan hanyar Seme da ke iyaka da Jamhuriyar Benin. Gari ne na masunta da itatuwan kwakwa. A unguwar da yake suna da ƙungiyar ci gaban unguwa mai rajista da ƙaramar hukuma, Egun da Yarbawa da Hausawa duk a ciki. Wani yammacin Asabar ya ja ni taronsu. Benci ne da kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Sakatare ya buɗe wani ƙaton littafi ya karanto abin da aka yanke a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. Sai wata tsohuwa mai ƙyafa kifi ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta fuskanci kansila da ke zaune a gaba. Yaya yana fassara mini a kunne: kwalbatin bayan rumfarta ya toshe, ruwa yana jiƙa mata itace, kuma an yi mata alkawari tun watan jiya. Kansila ya ba da amsa, aka sa rana, sakatare ya rubuta. Ban ce sun gama da matsala ba, don da damina wasu layukansu sai ka naɗe wando har gwiwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwar nan ta san wanda za ta tambaya, ta san ranar da za ta same shi, kuma ba roƙo ta je yi ba.

Mu fa? A layinmu magudanar ruwa ta cika da ƙasa da ledar fiya wata. Da ruwan Agusta ya sauko sai ya hau hanya, ya kwanta a gindin katangar ƙasa ta maƙwabcina, har ta fara zaizayewa daga ƙasa. Yara masu zuwa makarantar allo sai sun ɗauki takalma a hannu. Matasanmu, Allah ya yi musu albarka, suka yi gayya suka yashe ta, suka tara dattin a bakin hanya. Babu motar da ta zo kwashewa. Ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito.

Wannan aiki kuwa ba alfarma ba ne. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara: magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, ban-ɗakunan jama'a, fitilun titi, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Har lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale yana ciki. Wato dokar da ke kan mai kwalekwale a Badagry ita ce ke kan mai tura baro a kasuwar Sabon Gari.

Sai dai mu ma jama'a mu gaya wa kanmu gaskiya. Mun mayar da gidan kansila wurin neman kuɗin suna da na magani da goron Sallah. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya karɓi ambulan da safe ba zai iya ɗaga murya a kan kwalbati da yamma ba, shi kuma kansila sai ya ɗauka ya sauke nauyi.

Kuma ba sai mun aro tsarin kowa ba. Muna da masu unguwanni da dagatai da hakimai, muna da limaman da in sun yi sanarwa bayan sallar Asuba kowane gida zai ji. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona zuwa Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, har Dutsen Abba da Wuciciri. Me zai hana kowane kansila ya ware rana guda duk bayan wata uku, bayan La'asar, ya zauna a ƙofar mai unguwa ko a filin firamare? A samu mai rubutu, a karanto alkawarin baya kafin a ɗauki sabo. A tanadi ɓangaren mata, domin su ne ke kwana da yaro mai zazzaɓin sauro, su ne suka san famfon da ya daina kawo ruwa.

Kai ma, Malam Edita, akwai naka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma, amma da Turanci ne, kuma a intanet. Don Allah ku riƙa buga mana na Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba da Hausa duk wata, a shafin da za mu iya yankewa mu liƙa a allon sanarwa na masallaci.

Na gode.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga birnin Zariya