Mun sauke jarumai, mun ɗauko 'yan garuwa

Unguwar Jahun, Bauchi

Sadiku mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya sanyin Ingila, ya karatu? Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, lafiyarta ƙalau, sai dai ta ce kiranka ya yi wuya.

'Yar jakar ƙwayoyin lidon da ka bar mana ba ta kwanta ba. Duk Asabar bayan la'asar muna shimfiɗa tabarma a zaure mu buga wasan nan namu na labari, inda kowa ke riƙe da mutuminsa, ƙwaya kuma ta yanke abin da zai same shi, ni ne mai jan labari tunda ka gudu ka bar mini gadon. Baba ya daina harararmu, ya gamsu ba caca muke yi ba, har yakan tsaya da carbinsa ya ji ko dodon ya mutu. Amma da ka zo yau, da ba ka gane wasan ba.

Ka san ƙorafina tun kana nan. A Dungeons & Dragons na 2014, mutum yana farawa ne da sulke da takobi, mayaƙi da jini 10 ko fiye (makin rai ke nan, in ya ƙare mutum ya faɗi), alhali talaka a littafin dodanninsu jininsa 4 ne kacal. Sai Kabiru ya zo da shafi uku na tarihin jaruminsa: ɗan sarki ne, an kashe ubansa, ya yi yaƙi bakwai. To me ya rage mu buga? Shi ya sa na ari dabarar Dungeon Crawl Classics, wanda Goodman Games suka fitar a 2012, inda kowa ke farawa daga matakin sifili da talakawa har huɗu a hannunsa, wanda ya tsira shi ne jarumi. Na yi mata gyara irin namu.

Sifofin mutum ɗin nan shida, irin su ƙarfi da hankali, kowace ƙwaya uku masu fuska shida ake jefa mata, a jere, babu musanya, babu "bari in sake". Abin da ya faɗo tsakanin 3 da 18 shi ne rabonka, kuma 18 ɗin sau ɗaya take zuwa cikin 216. Jini kuwa ƙwaya mai fuska huɗu ce. Cizon kura a littafin dodannin nan na 2014 ƙwaya mai fuska shida ne, ka ga ke nan kura ɗaya ta ishi mutum kuka. Zinariyar cikin wasan na soke ta, kuɗin wuri muke kashewa.

Inda na fi ɓata dare shi ne sana'o'i. Na rubuta ashirin, ƙwaya mai fuska ashirin ke zaɓa maka: maƙeri, wanzami, baduku, mahauci, marini, masunci, ɗan garuwa, mai goro, mai masa da sauransu. Kowa da kayan aikinsa guda da wani tarkace guda, shi ke nan dukiyarsa. Wanzami zabira da ƙaho, manomi fartanya da akuya. In abin da za ka yi ya shafi sana'arka, ƙwaya biyu za ka jefa ka ɗauki babbar, amma sai ka fara gamsar da ni da baki. Nan ake shan dariya. Usman ya yi rantsuwa cewa mahauci ya san gaɓar dodo tunda ya san ta sa, na ba shi. Da ya dawo wai ya san ɗinkin rauni, na ce wannan na wanzami ne, malam, kar ka ci haƙƙin wani. Maharbi na cire shi bayan zama ɗaya, don da kwari da baka ya mayar da sauran 'yan rakiya.

Abu ɗaya na saɓa wa masu littafin. Da farko na ba kowa mutum huɗu kamar yadda suka tsara, sai yaran nan suka mayar da su 'ya'yan dara. A tura wannan ya taka tarko, a jefa wancan rijiya a ji zurfinta. Ban ji daɗi ba sam. Yanzu biyu nake bayarwa, kuma dole akwai abin da ya haɗa su: wa da ƙani, maigida da yaronsa, ko mai bashi da wanda yake bi. Sannan kowa sai ya faɗi wanda ke jiransa a gida. Wanda jininsa ya ƙare, in ɗan'uwansa ya kai gare shi kafin zagaye ya juyo, a jefa ƙwaya mai fuska ashirin; 10 ko sama ya tashi, amma da tabon da zai rage masa maki ɗaya har abada.

Ka so ka ga Kabiru a makon jiya. Ƙwaya ta ba shi mai masa, ƙarfinta 6, jininta 2, da ƙaninta ɗan garuwa. Ya kumbura kamar zai fashe. Labarin na ɗora shi kan kogunan Marshall ɗin nan na Yankari da muka gani shekarar da muka je Wikki: wani abu yana kwashe awakin ƙauye yana shigewa da su. Da kuraye suka tare bakin kogon, mutumin da bai san komai ba sai "na sare shi" ya yi shiru ya fi minti biyu. Can ya ce a hura wuta, a ɗora tanda, a tafasa mai. Ya watsa wa ta gaba, ya jefa 17. Da aka ciji ƙanin, bai ko yi shawara ba ya sa mai masar ta koma ta jawo shi, ƙwaya ta ba da 11, zauren ya kaure da ihu har Baba ya leƙo. Yanzu Ladi mai masa yake kiranta, kuma ya hana kowa taɓa takardarta.

Ga inda nake neman shawararka. Na ce ba mai zaɓar ajinsa tun farko. Abin da mutum ya aikata a kogo shi zai nuna ko mayaƙi ne ko mai sanɗa. Usman ya ce zalunci ne, mai mutum shi ya san abin da yake so. Ni ina ganin in bar su su kawo aji biyu, 'yan zaure su zaɓi ɗaya. Ya ka gani?

Sannan ƙwaya mai fuska huɗun nan ta ɓata, muna zargin akuyar maƙwabta. Mai fuska takwas muke jefawa mu raba biyu. In ka samu mai tahowa kafin salla, ka aiko mana biyu.

Kowa yana gaishe ka.

Naka,
Auwalu