Ki Sakar Wa Yarinyar Nan Mara

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kishiyata. Mu nan sai godiya, ƙafar ta yi sauƙi.

Gwaggonki ta dawo daga wurinku ranar Laraba, kuma tun da ta ba ni labari barci ya ƙaurace mini. Ta ce kin cire yarinyar nan daga Islamiyya, malami ke zuwa gida. Ta ce yaran maƙwabta sun zo ƙofa neman ta kin ce musu tana barci, alhali tana tsaye jikin taga ta ɗaga labule tana kallon su. Na kira ki sau uku, sai "ba komai Inna" kike ce mini. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na san kin gaji da jin labaran Turawa a bakin uwarki malamar tarihi, amma ki daure ki ji wannan. An haifi Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1819, tana wata takwas mahaifinta ya rasu. Marainiya ce kamar tamu. Uwarta Bajamushiya ce, baƙuwa a ƙasar, ba ta yarda da dangin miji ba, sai ta jingina da mai kula da harkokin gidanta, wani John Conroy. Su biyu suka kafa wa yarinyar dokoki a fadar Kensington. Ba a barin ta ita kaɗai, a ɗakin uwarta take kwana, ko matakala za ta sauka sai an riƙe mata hannu. Ƙawayenta 'yan tsana ne guda 132, ita da mai renonta Lehzen suke ɗinka musu kaya. A 1835 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita a Ramsgate, sai aka matsa mata ta sa hannu a takardar da za ta mai da Conroy sakatarenta idan ta hau mulki. Tana shekara 16, tana kwance a gadon jinya, ta ƙi.

Ranar 20 ga Yuni 1837 aka tashe ta da sassafe, baffanta Sarki William na huɗu ya rasu, sarauta ta faɗo kanta tana shekara 18. Ita kaɗai ta shiga wurin masu kawo labarin, uwar na waje. Ba ta ɓata lokaci ba ta sa aka fitar da gadonta daga ɗakin uwarta. Da suka koma fadar Buckingham, can nesa aka ba uwar sashe, in tana son ganin 'yar da ta haifa sai ta aika da takarda. Sai bayan auren Biktoriya a 1840 da zuwan jikoki suka fara shiryawa.

Wannan gadon nake gani duk lokacin da na rufe ido. Ina ganin ki tsaye a tsakar ɗaki ana fita da shi, yarinyar da kika sadaukar wa ƙuruciyarki ba ta ko waiwayo ba. Ba rashin lafiya nake ji mata ba, ba kuma mutanen waje ba. Ranar da za ta yi ƙarfin rufe miki ƙofa nake ji, domin yaron da aka tsare yana shiru ne, amma yana ƙirgawa.

Kuma ki gaya mini gaskiya, wa ya ce miki dangin ubanta dukiyarta suke so? Ba mutumin nan da kika damƙa wa takardun filayen marigayi ba ne? Wata bakwai kakarta ta wajen uba ba ta sa ta a ido ba, tsohuwar da ta binne ɗanta. Wannan ba tarbiyyar da na ba ki ba ce, kuma Allah zai tambaye ki zumuncin nan.

Za ki ce ni ma haka na yi miki. Na yi, bayan rasuwar yayanki, kuma wadda ba ta taɓa rasa ɗa ba kada ta ga laifina. Amma ban hana ki gidan kakanninki ba, ban hana ki gaɗa a dandali ba. Duk da haka, shekarar da kika tafi jami'a wata huɗu kika yi ba ki aiko da ko gaisuwa ba. Ban taɓa faɗa miki ba, kullum bayan la'asar a zaure nake zama ina jiran mai kawo saƙo.

Na san tsoro ne ke ɗawainiya da ke, ita kaɗai ya bar miki. Allah ya ji ƙansa, ya raya mana ita. Idan an yi hutu ki turo mini ita sati biyu, gidan cike yake da yara, ta yi carafke ta ci ƙasa kamar kowa. In ba za ki iya barin ta ba, ku zo tare, amma ɗakinta daban.

Na ba direba kuka da daddawa, ki duba ƙasan buhun akwai alkaki nata.

Mahaifiyarki