Wasiƙa ga Iyaye: Batun Ganyen Dawa da Yara Ke Nema

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Bayan gaisuwa da fatan an shiga kaka lafiya. Na rubuto kafin lokacin da muka saba ne saboda maganar da ke yawo a gari, wai makaranta ta fara haɗa magani da ruɓaɓɓen amfanin gona. Ba haka ba ne, kuma na so a ce wanda ya ji ya tako ofis ya tambaya kafin ya kai ta majalisa.

'Yan ajin SS2 da ke ƙungiyar JETS, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, su ne ke wani gwaji. Duk manomi ya san jajayen tabon da ke fitowa a ganyen dawa idan cuta ta kama shi. Wannan jan ba cutar ba ce kaɗai, a ciki akwai sinadarin da dawar ke fitarwa don ta kare kanta. Tun 1940 wasu masana biyu a Jamus, Müller da Börger, suka nuna irin wannan kariya a jikin dankalin Turawa. Tambayar yaranmu ita ce: abin da ganye ya tanada don yaƙar cutarsa, zai iya hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa?

Ana shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa a sinadarin itanol (wani irin sifirit), a tace. Sai a ɗiga ruwan a kan 'yar takarda mai faɗin milimita 6, a ɗora ta a farantin da aka shuka bakteriya, a rufe, a bar shi ya kwana a ɗumin digiri 37. Washegari idan an ga fili fes kewaye da takardar, wato inda bakteriya ba ta yaɗu ba, sai a sa rula a auna. A gefe akwai takardar lafiyayyen ganye, da ta itanol zalla, da ta maganin asibiti. In babu waɗannan ukun, ba a san wa ya yi aikin ba. Malamin Bayoloji ya sa wani rukuni sake aikinsu daga farko don sun manta da ta itanol, kuma na goyi bayansa. Shi da Malamar ɗakin gwaji sun sadaukar da Asabar ɗinsu ba tare da an ƙara musu ko sisi ba. Allah ya saka musu.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. An samu gidan da aka tafasa irin wannan ganye aka ba yaro mai ciwon ciki, wai ai makaranta ta ce magani ne. Subhanallahi! Ko sakamako ba mu fitar ba. Ko da an ga fili a faranti, faranti daban, cikin ɗan Adam daban. Masanin kimiyya Alexander Fleming ya ga fumfuna tana kashe bakteriya a 1928, amma sai da aka haura shekara 10 kafin penisilin ya zama maganin da ake ba majinyata. Kuma wata fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda tafasawa ba ta kawar da ita. Yaro ba shi da lafiya, a kai shi asibiti.

Ku kwantar da hankali kan lafiyar yaran: ana liƙe farantan, ba mai buɗewa, kuma Malama da kanta ke dafa su a tukunyar tururi a digiri 121 kafin a zubar. Ba abin da ɗalibi zai kai gida.

Masu gona, muna roƙon damƙi ɗaya na ganye mai tabo da ɗaya na lafiyayye, daga gona guda, kowanne a ambulan ɗinsa na takarda. Ban da leda, tana sa shi gumi ya ruɓe. A kawo kafin a yanke kara.

Masu bashin kuɗin PTA sun san kansu. Latti ya dawo, musamman ranar Litinin, kuma mai gadi ya samu umarni. Jadawalin jarrabawa na allon sanarwa.

Na gode,
Shugaban Makaranta