Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Cinikin Izinin Fitar da Hayaƙi

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A taron da aka yi kan sauyin yanayi ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda cinikin izinin fitar da hayaƙi yana rage jimillar gurɓata, me ya sa maƙwabtan masana'antu suke kuka da shi? Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, shi ya sa na rubuto.

Yadda tsarin yake, hukuma ce ke ƙayyade iyakar hayaƙin da za a fitar, ta kasa shi takardu, kowace takarda tan ɗaya na iskar kabon, sannan kamfanin da ya rage nasa ya sayar da rarar ga wanda ya gwammace ya biya. Tarayyar Turai ta fara a 2005, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma a 2013. Ta fuskar ɗumamar duniya lissafin bai da aibu, domin kabon duk inda ya tashi sama ɗaya yake shiga.

Sai dai bututun matatar mai ba kabon kaɗai yake amayarwa ba. Akwai ƙura mai laushi da ido ba ya gani, wadda ke ratsawa har cikin huhu, akwai kuma sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, kuma yawancinsu a unguwannin da ke gindin bututun suke sauka. Idan matata ta sayi takardu maimakon ta gyara injinanta, a wurin hukuma ta cika sharaɗi, amma uwar da ke kwana zaune da abin shaƙa a hannu tana sauraron numfashin ɗanta mai asma, ba ta ga canjin komai ba. Mazauna waɗannan unguwanni kuwa galibi talakawa ne da ba su da halin tashi.

An gwada cinikin har a kan irin wannan hayaƙi mai cutar da maƙwabta a yankin Los Anjeles tun 1994, ƙarƙashin shirin RECLAIM, kuma a 2017 hukumar yankin ta yanke shawarar janye shi ta koma tilasta wa kowace masana'anta gyara.

Kalifoniya ta yi doka a 2012 cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin da jihar ke samu idan ta yi gwanjon takardun su amfani irin waɗannan unguwanni. Abin a yaba ne, ko da yake kuɗi ba ya toshe bututu. Ni dai a ganina, masana'antar da ke tsakiyar unguwar da hayaƙi ya riga ya addaba, a sa mata iyaka tata wadda takarda ba ta ɗagawa, a kuma girka na'urar auna iska a bakin makarantun unguwar, a riƙa bayyana sakamakon ga mazauna.

Wassalam.