Tulum ma ganuwa ce, amma su igiya suka ja wa tasu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya tsaya min a rai game da ganuwar birnin Zariya, yau wata biyu kenan da dawowarmu daga tafiya amma ko kwanciya na yi sai abin ya faɗo min.

Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, haifaffiyar cikin birnin Zariya, gidanmu babu nisa da Ƙofar Gayan. 'Yata tana aure a Amurka a garin Hustan, ta haihu na je mata zaman jego, daga baya Malam ya biyo ni. Da aka yi arba'in sai surukin namu, Allah ya yi masa albarka, yace shi fa ba zai bari mu koma gida haka ba, shekara talatin da biyar da aure bamu taɓa fita mu biyu ba in ba aikin Hajji ba, wai ya yanka mana tikitin Meziko na kwana biyar. Nace haba ɗan nan ai gara a yi wani abin da kuɗin, yace Mama an riga an biya, Malam kuma yace Hajiya ba a mayar da hannun kyauta baya. Sauƙin da aka samu shi ne mai bizar Amurka ba sai ya nemi ta Meziko ba, haka muka hau jirgi, awa biyu da 'yan mintuna sai ga mu a Kankun.

Otal ɗin ba zan cika ku da labarinsa ba. A bakin teku yake, suna ɗaura maka wani abu kamar awarwaron roba a hannu, da shi zaka ci ka sha duk an biya. Mu dai kifi da shinkafa da wake muka riƙe saboda naman alade ya yi yawa a girkinsu, kuma kowane kwano sai Malam ya tambaya kafin mu ɗiba. Abin da ya sa na saki jiki da wurin shi ne wani jan abin sha da na gani a tulun gilashi, na ɗan kurɓa nace Malam wallahi zobo ne, zobonmu sak sai dai babu citta da kanumfari, su hamaika suke ce masa, gefensa kuma ga ruwan tsamiya. An gaya mana garin Kankun ɗin kansa kafin 1970 'yan masunta ne ƙalilan a wurin, gwamnati ce ta zauna ta tsara shi don baƙi.

Rana ta uku muna idar da sallar asuba muka shiga bas zuwa Cicen Itsa, kangon wani tsohon birnin mutanen Maya, tafiyar kilomita wajen 200 cikin jihar Yukatan. Mai yi mana jagora wani gajeren saurayi ne mai fara'a, yace shi ɗan ƙabilar Maya ne kuma da yaren Maya yake magana da mahaifiyarsa a gida. Ni da a zatona mutanen nan sun ƙare tuntuni kamar Adawa da Samudawa, ashe suna nan da ransu, dubban ɗaruruwa ne ke jin yaren har yau. Yace ma'anar sunan garin shi ne bakin rijiyar Itsa, domin ƙasarsu ba koguna a sama, ruwan yana ƙarƙashin dutse, sai inda ƙasa ta rufta ta buɗe wani ƙaton rami mai ruwa, to nan mutane ke kafa gari.

Ginin da kowa ke zuwa gani wani tsauni ne na dutse da aka gina hawa hawa, tsayinsa wajen mita 30 har da ɗakin da ke samansa. Yana da matakala a kowace fuska huɗu, kowace tana da taki 91, in ka haɗa ka ƙara dandamalin sama sai ya ba ka 365, adadin kwanakin shekara. Na sa Malam ya sake lissafawa a waya, haka ne kuwa. Sau biyu a shekara, a watan Maris da Satumba lokacin da dare da rana ke daidaita, inuwar la'asar tana sauka gefen matakalar kamar maciji yana gangarowa har ta haɗu da kan macijin dutse da suka sassaƙa a ƙasa. Mu bamu dace da lokacin ba, hoto jagoran ya nuna mana. Amma ya sa mun tsaya gaban matakalar mun tafa hannu, sai ga amsa ta dawo daga sama kamar kukan tsuntsu, na tafa har sau uku ina jin tsigar jikina na tashi. Mutanen nan ashirin ashirin suke ƙirga, ɗigo ɗaya ne, sanda biyar ce, kuma suna da alamar sifiri tun zamanin da mutanen Turai ba su san da ita ba. Suna da rubutunsu da littattafansu, sai a 1562 wani limamin cocin Sifaniyawa mai suna Diego de Landa ya tara su a garin Mani ya cinna musu wuta, yau guda huɗu kacal suka rage a duniya. Da yaron nan ya zo nan a bayaninsa muryarsa sai da ta canza, ni kuma sai na tuna akwatin littattafan kakanmu na ajami da gara ta cinye a zaure ba wanda ya kunna musu ashana.

Nasan wani zai ce me ya kai Hajiya da Malam kallon gidan gumaka. Gaskiya ne mutanen suna bautar abin da ba Allah ba, har mutane suke jefawa a cikin rijiyar nan don neman ruwan sama, jagoran bai ɓoye mana ba. Malam yana tsaye a bakin ramin ya janyo min ayar da Allah ke cewa mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, yace to ta ina za a duba in an bar wurin ya shafe. Jikokin mutanen nan yawancinsu Kiristoci ne yanzu, ba bauta suke wa duwatsun ba, adanawa suke.

Amma abin da ya sa na ɗauko alƙalami ba Cicen Itsa ba ce, duk da cewa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tun 1988 kuma sama da mutum miliyan biyu ke zuwa a shekara. Washegari ne da muka je Tulum. Kangon wani ƙaramin garin Maya ne a kan gaɓar dutse, teku tana ƙasa shuɗiya shar, ga wasu manyan ƙadangaru kamar damo kwance kan duwatsu suna shan hantsi ko gezau. Muna sunkuyawa zamu shiga ta wata 'yar ƙofa matsattsiya sai jagoran yace kalmar Tulum a yarensu tana nufin katangar da ta kewaye gari. Na ja na tsaya nace Malam ka ji, ganuwa kenan fa. Ganuwa ce ta dutse ta kewaye garin ta fuska uku, ta huɗun teku ce, da ƙofofi biyar. Edita, wallahi duk faɗin wurin ni da ciwon gwiwata cikin 'yan mintuna na ratsa shi daga wannan bango zuwa wancan, in aka ɗauko shi aka ajiye cikin birnin Zariya ko unguwa ɗaya ba zai cika ba. Amma ko'ina an ja igiya, an share hanya, ga allo a gaban kowane gini da bayani. Wani yaro ya ɗaga ƙafa zai tsallaka igiyar ya hau bango, nan take mai gadi ya busa usur, uwar ta fizgo shi tana ba da haƙuri. Igiya ce fa kawai irin wadda muke shanya a kai.

Sai jagoran ya tambaye mu daga ina muke. Malam yace Najeriya, wani gari Zariya, mu ma muna da irin wannan katangar, tamu ta fi kilomita goma kewaye kuma ƙofofinta takwas. Yaron ya zaro ido yace dan Allah mu nuna masa hoto. Na buɗe wayata ina ta ja, hotunan biki, hotunan suna, hotunan jikoki, babu ko ɗaya na ganuwa, kuma a raina nasan ko da na ɗauka me zan nuna masa, bola ce zata fito a gaba. Na ce masa sai wani lokaci. Har muka koma otal ban iya magana ba, Malam yana ta tambaya ko jikin ne.

Ni na taso na ga ganuwar nan da sauran ƙarfinta. Muna yara in an aike mu bayan gari mukan hau kanta mu hango dutsen Kufena, kuma duk ɗan birni a lokacin zai jero maka ƙofofin ba tuntuɓe, Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima. Da na dawo na gwada jikokina na nan gida, babbar tana aji uku a sakandare, uku ta iya kawowa, su ma don nan ake hawa Keke Napep ne. Na ɗauke ta muka taka wajen da muke hawa da, wani wurin an yanke ganuwar an kafa gida a kai, wani wurin an ƙwaƙule ƙasar an yi bulo da ita sai rami, inda ta ɗan rage kuma leda ce da shara da bahaya, ga ruwan sama ya zaga ta ya yi mata kwari. Yarinyar ta dube ni tace Hajiya wai wannan tudun ne ganuwar.

Ba na cewa dutse da ƙasa ɗaya ne. Nasu ko an watsar da shi shekara ɗari biyar a daji za a dawo a tarar da shi, namu ginin ƙasa ne, damina uku ba yaɓe ya fara zubewa. To ai wannan shi ne dalilin da ya sa namu ya fi buƙatar hannu. Kakata tana ba mu labari cewa da in damina ta wuce gayya ake yi, kowace unguwa da ɓangarenta, maza na kwaɓa ƙasa mata na kai ruwa da fura ana kiɗa. Kuma mun ga abin da tsohon gini ke yi in ya gaji, babu ɗan Zazzau da zai manta ranar Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 da wani sashe na babban masallacin Juma'a ya rufta kan masu sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, masana gine gine daga ƙasashen waje suna zuwa musamman don su ga bakan gizonsa, amma yara nawa ne a garin nan suka san sunan maginin.

Da na yi wannan maganar a wajen wani biki wata ƙawata tace Hajiya ana fama da abin da za a ci da rashin tsaro wa zai zo kallon ganuwa. Na fahimce ta, ni ma a kasuwar nan nake awo. Amma ni ba Turawa nake hange ba. A Tulum da Cicen Itsa rabin waɗanda muka gani 'yan ƙasar ne da 'yan makaranta cikin yunifom, jagoran yace ranar Lahadi ma ana yafe wa 'yan ƙasa kuɗin shiga. Mu nan ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga na kwalejoji, dubbai daga kowace jiha, wani zai yi shekara huɗu ya tafi bai taɓa wuce Ƙofar Doka ba don babu wanda yace masa akwai abin gani. Ga baƙin da ke cika gari lokacin hawan sallah da hawan daushe, suna gama kallon dawaki sai su juya. Saurayin nan da ya zagaya da mu da tarihin kakanninsa yake ciyar da gidansu, matan ƙauyensu kuma suna bakin hanya suna sayar da riguna masu aikin hannu da zuma. Samarinmu nawa ne ke zaune a dakali da za su iya haddace labarin Bakwa Turunku da Amina da Kufena su faɗe shi da Hausa da Turanci, ga masu ɗinkin hula da aikin babbar riga da fatu a cikin birni da ba sai an koya musu komai ba.

Roƙona ga masu iko da masu unguwanni da attajiran garin nan ƙarami ne. A zaɓi ko da taki ɗari biyu ne inda ganuwar ta rage da tsayinta, a kwashe sharar, a ja waya ko igiya, a kira maginan gargajiya tun muna da sauransu su yaɓe ta, a kafa allo da boko da ajami, a sa mutum biyu gadi ana biyansu. Jami'a tana da sashen nazarin kayan tarihi, na tabbata in an neme su za su rubuta abin da za a sa a allon. Mu tsofaffin malamai kuma mu ɗauki nauyin kai yara ranar Asabar, ni ce ta farko.

Ku kuma Edita dan Allah ku turo wakilinku da kyamara kafin ruwa ya sauka, ya fara daga Ƙofar Doka ya zagaya da ƙafa ya ɗauki abin da ya rage ku buga mutane su gani. In ya iso Ƙofar Gayan ya tambayi gidan tsohuwar malamar firamare, zan sa hijabina in fito in nuna masa daidai inda muke hawa muna hango Kufena.

Wassalam.

Taku mai karatu kullum,
daga Ƙofar Gayan, birnin Zariya.